Digirin ba da shawara: wa ya taɓa jin ɗalibin yana aiki?

Duk wanda ke shirin neman digiri na biyu don ya zama ƙwararren mai ba da shawara kan matsalolin rayuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa, abin da yake fara dubawa shi ne sunan jami'a da kuɗin makaranta da yawan shekarun karatu. Akwai tambayar da ta fi waɗannan duka nauyi, amma da wuya ka ji an yi ta: kafin a miƙa mini takardar shaida, sau nawa wani gogagge zai zauna ya saurare ni ina magana da mutumin da ya zo da damuwarsa, ya tsayar da ni ya ce ga inda ka kuskure? A ganina, shirin karatun da ba zai iya amsa wannan da adadi ba bai cancanci kuɗin kowa ba, kuma bai kamata hukumomin tantance makarantu su ci gaba da sa masa hannu ba.

A Amurka aka fi tsara wannan horo filla-filla, don haka gara a fara da ma'auninta. Hukumar CACREP, wadda aka kafa a 1981, ita ce babbar mai tantance irin waɗannan shirye-shirye. Tana neman kiredit 60, wato kwas kusan 20, wanda kan ɗauki mai karatu gadan-gadan shekara biyu zuwa uku. Kwasa-kwasan sun ƙunshi fannoni takwas: ɗa'ar aiki, bambancin al'adu da zamantakewa, matakan girman ɗan Adam, zaɓen sana'a, dabarun zama da mai neman taimako, aiki da rukunin mutane, gwaje-gwajen auna hali, sai bincike. Wannan ɓangaren ba shi da wata matsala babba. Jami'o'i sun iya karantar da littafi, sun iya shirya jarrabawa, kuma ɗalibi mai ƙwazo zai ci.

Ɓangare na biyu shi ne horon sanin makamar aiki, kuma mataki biyu ne. Na farko awa 100, daga ciki awa 40 dole su kasance ido da ido da masu neman taimako. Na biyu awa 600, daga ciki awa 240 ido da ido. A duk tsawon lokacin ɗalibi zai riƙa zaman awa ɗaya a mako da mai duba aikinsa, shi kaɗai ko su biyu, sannan awa ɗaya da rabi a mako cikin rukunin ɗalibai. Jimilla ke nan awa 700, amma awa 280 ne kawai na ainihin aikin. Sauran na tafiya a rubuta rahoto da tarurruka da shirye-shirye. A Birtaniya ma'aunin ya fi haka sauƙi: ƙungiyar masu ba da shawara ta BACP tana neman awa 100 na aiki da mutane a lokacin karatu, kuma doka ba ta hana kowa kiran kansa mai ba da shawara ba ko da bai taɓa shiga aji ba.

To ina matsalar take? Ƙa'idar CACREP ta ce duba aikin ɗalibi ya haɗa da naɗar murya ko bidiyo, ko kuma mai duba aiki ya kalli zaman kai tsaye. Madalla. Sai dai ba ta ce sau nawa ba. An ƙidaya kiredit, an ƙidaya awanni, har yawan ɗaliban da za su zauna a rukuni ɗaya an ƙayyade kada su wuce 12, amma abin da ya fi komai amfani an bar shi babu adadi. Makarantar da take sauraren faifai kowane mako da wadda take sauraren minti goma sau biyu a zangon karatu, dukansu sun cika ƙa'ida, dukansu kuma za su buga tambarin hukumar a shafinsu.

Idan babu faifai, abin da ke faruwa a awar duba aiki shi ne ba da labari. Ɗalibi ya shigo da takardarsa, ya ce wance ta zo, ta ce kaza, na ce mata kaza, da alama ta ji daɗi. Mai duba aiki ya gyaɗa kai, ya ba da shawara a kan abin da aka gaya masa. Daidai yake da a koyar da tuƙi ta hanyar tura ɗalibi shi kaɗai da mota, in ya dawo ya ba malami labarin yadda ya sha kwana. Ba sai ɗalibin ya yi ƙarya ba. Mutum ba ya jin kansa yana katse magana, ba ya lura ya sauya zance a daidai lokacin da zancen ya yi zafi, kuma abin da bai lura da shi ba ba zai ba da labarinsa ba. Sannan ga wanda yake ɓoyewa da gangan. A wani bincike da Nicholas Ladany da abokan aikinsa suka wallafa a 1996, kashi 97 cikin ɗari na ɗaliban da aka tambaya sun amsa cewa akwai abin da suka ɓoye wa mai duba aikinsu, kuma kurakuran aiki na cikin abubuwan da suka fi ɓoyewa. Ba abin mamaki ba ne, tunda mutumin da za ka gaya wa kuskurenka shi ne zai ba ka maki.

Ko manyan ma ba su tsira daga wannan makanta ba. A 2005 Corinne Hannan da Michael Lambert da wasu sun nemi masu ba da shawara 48 a wata cibiyar jami'a su faɗi waɗanda suke ganin halinsu zai ƙara taɓarɓarewa cikin mutum 550 da suke gani. Mutum 3 suka nuna. Da aka auna a ƙarshe, 40 ne suka ƙara lalacewa, kuma cikin ukun da aka nuna ɗaya ne kawai hasashen ya faɗa daidai. Wani binciken na Steven Walfish a 2012 ya nemi ma'aikatan fannin su auna kansu da takwarorinsu: kashi ɗaya cikin huɗu suka sa kansu cikin kashi goman da suka fi kowa iyawa, kuma babu ko mutum ɗaya da ya ce shi ƙasa yake da matsakaici. Masu cewa ai gogewa za ta gyara komai in an fara aiki, su ma akwai amsarsu. Simon Goldberg da abokan aikinsa sun bi diddigin ma'aikata 170 da mutum fiye da 6,500 da suka gani, suka wallafa a 2016 cewa a matsakaici sakamakon aikinsu bai ƙaru da shekaru ba, ya ma ɗan ragu kaɗan. Wasu sun ƙaru, amma tara shekaru kawai ba shi ne ya ƙara su ba. Ke nan shekarun makaranta su ne kusan kaɗai lokacin da wani zai iya tilasta wa mutum ya ji muryar kansa, kuma makarantar da ta bari suka wuce haka nan ta cuce shi, ta cuci waɗanda za su zo wurinsa.

Ga misalin abin da faifai ke tonowa. An kai minti na 22 a zama. Wata mata ta ɗan yi shiru, sannan ta ce a hankali, "Wani lokaci ji nake da ma in kwanta kada in tashi." Ko daƙiƙa ɗaya ɗalibin bai bari ta wuce ba ya ce, "Haba, kada ki ce haka, ai kina da yara, ga shi kin ce aikinki ya fara daidaita." Matar ta ce, "Haka ne," ta koma zancen aiki, ba ta sake ɗaga maganar ba. A rahoton da ɗalibin ya rubuta ya ce ta nuna gajiya da rayuwa, an kuma tuna mata abubuwan alheri da take da su. Wanda ya karanta rahoton zai ga kamar an yi daidai. Wanda ya ji faifan ya san cewa mace ta buɗe ƙofar maganar kashe kai, an kuma rufe mata ita da lallashi. Abin da ya kamata shi ne ya tsaya a nan, ya maimaita mata kalmominta, ya tambaye ta ba tare da kwana-kwana ba ko tana tunanin kashe kanta, ko ta tsara yadda za ta yi, ko abin da za ta yi amfani da shi yana kusa da ita, ko ta taɓa gwadawa. Ɗalibin ya san wannan, ya ma ci shi a jarrabawa. Tsoro ne ya kama shi, kuma tsoro ba ya fitowa a takardar jarrabawa. Bincike ya nuna yin wannan tambaya ba ya cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi, amma sanin haka a littafi daban, iya furta ta da murya a natse daban.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Carl Rogers ya fara naɗar zamansa da na ɗalibansa a Jami'ar Jihar Ohio tun farkon shekarun 1940, lokacin da na'urar naɗar murya ta fi akwati nauyi. A shekarun 1960 Norman Kagan ya fito da tsarin da ɗalibi ke kallon bidiyon zamansa, ana tsayarwa ana tambayarsa me yake ji da me yake tunani a daidai wannan lokacin. Allen Ivey kuma ya rarraba sana'ar zuwa ƙananan dabaru da ake koya ɗaya bayan ɗaya: yadda ake zama, yadda ake buɗaɗɗiyar tambaya, yadda ake mayar wa mutum abin da ya faɗa, yadda ake taƙaitawa. Yau kowace waya tana naɗar murya, don haka babu sauran uzurin kayan aiki.

Yadda ake yi kuwa ba wani sirri ba ne. Mai neman taimako ya sa hannu a takardar amincewa da ta fayyace wa zai ji faifan, ina za a ajiye shi, yaushe za a goge, da kuma cewa in ya ƙi ba za a hana shi taimako ba. A naɗa da na'urar cibiya ko manhajar da makaranta ta amince da ita, ba wayar ɗalibi da ke aika komai ga ma'ajiyar intanet ba. Ɗalibi ya saurari zaman gaba ɗaya kafin ranar duba aiki, ya rubuta kalma da kalma na minti goma, a gefen kowace maganarsa ya rubuta me yake nufin cim ma da ita, da abin da ya kamata ya ce in an sake ba shi dama. Rubuta minti goma kan ci awa guda ko fiye, kuma nan ne ɗalibi ke gano cewa rabin maganganunsa tambayoyin e ko a'a ne, ko kuma shi ya fi yin magana. Wani sashe mai muhimmanci da makarantu da yawa ke sakaci da shi: kada a bar wa ɗalibi shi kaɗai zaɓen inda za a saurara. In an bar masa, mintunan da ya burge zai kawo. Mai duba aiki shi ma ya zaɓi nasa wurin ba tare da sanarwa ba, musamman minti biyar na farko da biyar na ƙarshe, don a ƙarshen zama ne mutane kan saki maganar da suka riƙe, suna miƙewa za su fita. Daga nan sai a sake buga wurin: mai duba aiki ya zama mai neman taimakon, ɗalibi ya sake amsawa, sau uku ko huɗu, har bakinsa ya saba.

Tare da faifai ya kamata a riƙa aunawa. Akwai gajerun takardun tambayoyi irin su PHQ-9, mai tambaya 9 da maki daga 0 zuwa 27 kan ciwon damuwa, da GAD-7 mai maki daga 0 zuwa 21 kan fargaba. Cike su ba ya wuce minti uku. In aka ba da su a kai a kai aka zana makin, ɗalibi da mai duba aikinsa za su ga wanda ke nutsewa tun kafin ya daina zuwa. Daina zuwa ma kansa ma'auni ne. Nazarin Joshua Swift da Roger Greenberg na 2012, wanda ya haɗa bincike 669, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar kan watsar da zaman kafin a kammala, kuma adadin ya fi yawa a hannun masu koyo. Ɗalibin da rabin mutanensa ba sa dawowa bayan zama na biyu yana da matsalar da ya kamata wani ya gano, amma in abin da ake ƙidayawa awanni ne kawai, sababbin fuskoki za su cike masa su, ya gama lafiya lau.

Wurin da za a yi horon shi ne abu na biyu da ke karya ɗalibai, kuma lissafinsa a bayyane yake. Awa 600 a zango biyu na mako 15 kowanne, awa 20 ke nan a mako, galibi ba a biya, ga kuɗin makaranta yana tafiya. Awa 240 na ido da ido kuwa awa 8 ne a mako. A ce mutum ɗaya cikin huɗu ba ya zuwa ranar da aka ba shi, wanda ba baƙon abu ba ne a cibiyoyin da ke ganin marasa ƙarfi, to sai an rubuta wa ɗalibi mutum 11 a mako kafin ya sami takwas ɗin. Sannan makonnin farko kan tafi a koyon tsarin wurin da bin wani a baya, babu wanda aka ba shi. Cibiyar da ba ta da isassun mutane za ta bar shi yana amsa waya da shirya fayil, zango ya ƙare yana da awa 90 maimakon 120, dole ya biya kuɗin wani zangon. Daga nan ne jarabar ƙara awanni a takarda ke shigowa, a lissafa hirar minti 15 a matsayin awa guda, mai duba aikin da shi ma aiki ya yi masa yawa ya sa hannu bai duba ba.

Saboda haka makarantar da ke ce wa ɗalibi ya je ya nemo wa kansa wurin horo, ta sauke nauyin da nata ne. Wannan ya fi yawa a shirye-shiryen da ake yi ta intanet masu ɗaukar ɗaruruwan ɗalibai daga jihohi daban-daban. Ba na ganin laifin karatu ta intanet a karan kansa. Ka'idoji da bincike da ɗa'ar aiki ana koyonsu daga nesa ba tare da asara ba, kuma ana sauraren faifai ta bidiyo kamar yadda ake yi a ɗaki ɗaya. Laifin yana inda malaman makarantar ba su san cibiyar ba, ba su taɓa magana da mai duba aikin ba, ɗalibin kuma, da yake shi ya roƙi wurin, ba shi da bakin cewa ba a ba shi awarsa ta mako. Ƙa'ida ta ce mai duba aiki a cibiya ya kasance da digiri na biyu da gogewar shekara biyu aƙalla, da horo kan duba aiki. Shekara biyu ba wani abu ba ne, kuma sau da yawa shi ne shugaban ɗalibin a wurin, mai neman a rage layi. Awar da aka ware don koyarwa sai ta koma ta bin bashin rahotannin da ba a rubuta ba.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Ta farko sirri. Mutum ya zo da abin da bai gaya wa kowa ba, a ce kuma za a naɗa? Gaskiya ne wasu za su ƙi, kuma haƙƙinsu ne. Akwai wuraren da ba a yarda da naɗa ba sam, kamar gidajen yari da mafakar matan da suka gudo wa duka da wasu makarantun yara. Amma ƙa'idar da kanta ta ba da mafita: mai duba aiki ya zauna a ɗakin, ko ya kalla ta gilashin da ake gani ta gefe ɗaya, ko su yi zaman tare. Kuma yawanci ɗalibin ne ya fi mai neman taimako tsoron na'urar. Yadda ya gabatar da maganar, yana rawar murya yana ba da haƙuri, shi ke sa a ce a'a. Wanda aka gaya wa a sarari cewa mai ganinsa ɗalibi ne, kuma akwai gogagge da zai saurara don a tabbatar ana yi masa aiki daidai, sau da yawa hankalinsa kwanciya yake yi.

Ta biyu kuɗi. Sauraren faifai na cin lokacin malami, lokacin malami kuwa shi ne mafi tsada a makaranta. Lacca ɗaya tana ɗaukar ɗalibi 40, duba aiki kuwa ɗaya ko biyu. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa ake gudun abin. Amma an riga an ɗora wa ɗalibai tsada ta wata hanya: shirye-shirye da yawa da a da suke kiredit 48 an mayar da su 60, ƙarin kwas huɗu ke nan. Da za a ba ni zaɓi tsakanin kwas huɗu na lacca da awa 30 na sauraren faifai da gogagge, ba zan yi jinkiri ba.

Ta uku ita ta fi ƙarfi. Binciken da ke nuna cewa duba aiki yana inganta sakamakon da masu neman taimako ke samu ba shi da yawa, wanda ake da shi ma bai nuna tasiri mai girma ba. Har ma akwai masu tambayar ko digirin gaba ɗaya yana da amfani. A 1979 Hans Strupp da Suzanne Hadley sun kwatanta ƙwararru da malaman jami'a da aka zaɓo saboda iya mu'amala da ɗalibai, a matsakaici sakamakon ya zo kusan ɗaya. A Zimbabuwe, shirin da Dixon Chibanda ya jagoranta ya horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiya na unguwa suna zama shida da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna sun taimaka sosai. Sai dai a lura da abin da aka ba waɗannan matan: hanya guda mai matakai a fili, masu duba aikinsu, ma'aunin da ake aunawa da shi, da ƙa'idar miƙa wanda ya fi ƙarfinsu ga na gaba. Wato an ba su abin da nake nema wa ɗalibin digiri, an cire laccar. In wani abu wannan hujja ta raunana, to yawan kiredit ne. Mai digiri kuma ana sa ran ya yi abin da ya wuce bin hanya guda: ya gane cewa wannan ba damuwa ce kawai ba, ciwo ne da ke buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, ya lura da alamun cin zarafin yaro ya san inda doka ta ce a kai rahoto, ya san lokacin da riƙe sirri ke ƙarewa. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Kalifoniya na 1976 a shari'ar Tarasoff, ma'aikaci a jihohi da yawa yana da alhakin kare wanda aka yi barazanar cutarwa, kuma sharuɗɗan sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Irin wannan hukunci ana yanke shi ne cikin minti biyu, da mutum a gabanka yana kallonka.

Shi ya sa nake ganin ɗalibi bai kamata ya ga mutum na farko ba sai ya ci jarrabawar baki da ɗan wasan da aka horar ya buga mai neman taimako, kamar yadda makarantun likitanci suka daɗe suna yi. Ya bayyana iyakokin sirri cikin harshen da kowa zai gane. Ya yi tambayar kashe kai. Ya rubuta tsarin tsira tare da mutumin, irin mai mataki shida na Barbara Stanley da Gregory Brown: alamun da ke nuna abin ya taso, abin da mutum zai yi da kansa ya kwantar da hankali, mutane da wuraren da za su ɗauke masa hankali, waɗanda zai nemi taimakonsu, ƙwararrun da zai kira, da kuma nisanta shi da abin da zai cutar da kansa da shi. Mataki na ƙarshen nan shi ɗalibai suka fi tsallakewa, don tambayar mutum ina ya ajiye magunguna ko bindiga tana yi musu nauyi a baki.

Sauraren faifai yana kuma tilasta wa makaranta abin da ba ta so, wato ta ce wa wani ɗalibi bai dace da wannan aiki ba. Akwai mai maki mafi kyau a aji wanda ba ya iya yin shiru, ko mai wa'azi ga duk wanda ra'ayinsa ya saɓa da nasa, ko wanda raunin da ke zuciyarsa bai warke ba har yana kai shi cikin ɗakin. Yawancinsu suna gyaruwa in an gano da wuri, da rubutaccen tsarin gyara mai wa'adi, da maimaita horon, wani lokaci da shawarar shi ma ya je ya ga wani. Wanda bai gyaru ba dole a dakatar da shi, kuma malamai na tsoron haka saboda ƙara a kotu. Amma abin da kotu ke nema shi ne shaida da bin ƙa'ida, kuma malamin da ke riƙe da rubutattun ma'aunai daga faifai goma ya fi tsayawa da ƙafarsa a kan wanda abin da zai iya cewa kawai shi ne jikinsa bai ba shi ba.

Digirin ma ba shi ne ƙarshen tafiya ba, kuma ya kamata mai shiga ya san haka tun farko. A Amurka kowace jiha da lasisinta. Virginia ce ta fara a 1976, Kalifoniya ta zo ƙarshe a 2009. Bayan digiri akwai jarrabawar ƙasa, NCE ko NCMHCE, sannan aiki ƙarƙashin mai duba aiki: Teksas awa 3,000 da 1,500 na ido da ido a ciki, Kalifoniya awa 3,000 a cikin mako 104 aƙalla, Filorida shekara biyu da awa 1,500 na ido da ido. A wannan matakin albashi ƙarami ne, wasu ma daga aljihunsu suke biyan mai duba aikin, kuma da wuya a sake sauraren faifai. Wasu jihohin sun fara neman digirin ya fito daga shirin da CACREP ta tantance, don haka a karanta dokar jihar da ake son aiki a cikinta kafin a biya ko sisi, ba takardar tallar makaranta ba.

Ga mai neman gurbi, tambayoyin da zai aika wa makaranta a rubuce ba su da yawa. Faifai nawa ake nema a kowane zango, kuma wa ke saurare, malami ko ɗalibi ɗan'uwansa? Wa ke zaɓen wurin da za a saurara? Makaranta na da cibiyarta da ɗalibai ke fara aiki, ko kowa tasa ta fisshe shi? Ɗalibai nawa ne bara suka ƙara zango saboda awanninsu ba su cika ba? In cibiya ta daina ba da awar duba aiki, wa zai shiga tsakani, cikin kwana nawa? Kuma ya nemi magana da ɗaliban shekarar ƙarshe waɗanda ba makarantar ta zaɓo masa ba. Ga hukumomin tantancewa kuwa, gyaran layi ɗaya ne: a rubuta adadi. Ni zan ce cikin awa 280 ɗin nan, aƙalla awa 28, wato ɗaya cikin goma, wani mai lasisi ya ji su ko ya gan su da kansa, rabinsu shi ya zaɓa, ya cike takardar ma'auni ya sa hannu, kuma masu zuwa tantance makaranta su riƙa zaro fayilolin ɗalibai ba tare da sanarwa ba suna ƙidaya takardun.